BABI NA UKU: WASIƘUN FATSA DA TSARON ASUSUN BIYAN KUƊI NA INTANET

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda ciniki ya koma intanet, da yadda jama'a suka fara ajiye kuɗinsu a asusun da ba sa gani da ido, sai dai ta fuskar waya ko kwamfuta. A wannan babi kuwa za a duba wata hanya guda da 'yan damfara suke bi su kwashe abin da ke cikin irin wannan asusu, wato wasiƙar imel ta yaudara. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa a irin wannan sata ɓarawo ba ya fasa ƙofa. Mai gida ne yake miƙa masa mabuɗi da hannunsa, kuma abin da ke sa shi miƙawar magana ce da aka tsara masa. Wannan ne dalilin da ya sa batun ya shafi mai nazarin harshe kamar yadda ya shafi masanin kwamfuta.

3.1 Ma'anar Fatsa da Asalinta

Turawa suna kiran wannan sata da suna "phishing". Kalmar ta samo asali ne daga kalmarsu ta kamun kifi, sai dai an sauya harafin farko da "ph", bisa al'adar rubutu ta wasu matasa da suka yi suna wajen cutar kamfanonin tarho a Amurka. Ta fara yaɗuwa ne a tsakiyar shekarun 1990 tsakanin masu satar asusun kamfanin America Online. A 1995 an sami wata manhaja mai suna AOHell wadda take taimaka wa mutum ya aika wa masu amfani da kamfanin saƙo a matsayin shi ma'aikaci ne, yana neman su turo kalmar sirrinsu ko lambar katinsu wai don a gyara lissafi.

A wannan bincike an zaɓi a kira ta "fatsa". Dalili kuwa shi ne kamanceceniyar da ke tsakaninta da aikin masunci mai fatsa. Shi mai fatsa ba ya bin kifi a guje. Yakan ɓoye ƙugiya a cikin tana, ya jefa a ruwa, ya zauna yana jira, kifin ne da kansa zai zo ya haɗiya. Saboda haka idan aka ce wasiƙar fatsa a wannan aiki, ana nufin saƙon da aka aika wa mutum da sunan wata hukuma ko kamfani da ya yarda da shi, da nufin a sa shi ya ba da bayanan da ake shiga asusunsa da su.

Ya kamata a bambanta ta da wasiƙar da aka fi sani da 419, wadda ta samo sunanta daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuka na Nijeriya. Ita wasiƙar 419 a kan kwaɗayi aka gina ta. Ana yi wa mutum albishir da gado ko kwangila, a yi makonni ana musayar wasiƙu, daga bisani ya aika kuɗi da kansa. A 2012 wani mai bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya kawo hujjar cewa rashin kan gadon labarin da ke cikin irin waɗannan wasiƙu yana yi wa ɗan damfara amfani, domin yana tace masa mutane, mai wayo ya watsar tun da fari, ya rage sai wanda zai iya kaiwa ƙarshe. Wasiƙar fatsa kuwa akasin haka take. A kan tsoro aka fi gina ta, aikinta na mintuna ne, kuma babban burin marubucinta shi ne kada ta yi kama da baƙuwa ko kaɗan.

3.2 Asusun Biyan Kuɗi a Matsayin Abin Hari

Asusun biyan kuɗi na intanet shi ne wanda mutum yake buɗewa a wajen banki ko wani kamfani, ya haɗa shi da katinsa ko da ajiyarsa, ya riƙa biya da karɓa ta cikinsa. Fitaccen misali a duniya shi ne PayPal, wanda tushensa ya faro a 1998, kamfanin eBay ya saye shi a 2002, suka rabu a 2015. A tsarinsa na farko abu biyu kawai ake bukata a shiga asusu, adireshin imel da kalmar sirri. Ke nan duk wanda ya sami waɗannan biyu, a wurin kwamfuta shi ne mai asusun.

Ba a daɗe ba 'yan fatsa suka gane haka. A watan Yuli na 2000 an buɗe wani shafi na bogi da aka rubuta sunansa da babban harafin "I" a madadin ƙaramin "l" na ƙarshen sunan PayPal, haruffan da a rubutun kwamfuta da yawa ba a iya bambanta su. A 2001 an kai irin wannan hari ga masu asusu a kamfanin e-gold. A ƙarshen 2003 wata muguwar manhaja mai suna Mimail ta yaɗu ta imel tana shaida wa mutane cewa asusunsu na PayPal ya kusa daina aiki, tana neman lambar katinsu. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar APWG ta kamfanoni da hukumomi masu yaƙi da wannan sata. Bayan shekara 20 matsalar ba ta kau ba. A rahoton cibiyar karɓar koke ta hukumar FBI ta Amurka na shekarar 2023, fatsa ce ta fi kowane laifin intanet yawan ƙorafi, inda aka shigar da koke 298,878. Wannan kuwa adadin waɗanda suka kai ƙara ne kawai a ƙasa guda.

3.3 Yadda Ake Ƙulla Wasiƙar Fatsa

3.3.1 Aron Suna

Matakin farko shi ne wasiƙar ta zo da sunan wanda aka sani. Wannan bai yi wuya ba saboda yadda aka gina imel tun asali. Ƙa'idar da kwamfutoci suke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa, wadda aka wallafa a 1982, ba ta tanadi hanyar tantance mai aikawa ba, domin a wancan lokaci masu amfani da ita 'yan kaɗan ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma sun amince da juna. Tamkar ambulan ce ta gidan waya, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a bayanta. Daɗin daɗawa, manhajojin imel na wayar hannu sukan nuna sunan mai aikawa kawai, su ɓoye adireshin, sai an latsa sunan kafin a gan shi.

Inda ɗan fatsa ya kasa aron ainihin adireshin, sai ya sayi mai kama da shi. A 2005 wasu masu bincike sun nuna cewa za a iya rubuta sunan PayPal da harafin "a" na rubutun Rashanci, ya fito a allo babu wani bambanci da na boko. A nan akwai abin lura game da mai karatun Hausa. An daɗe ana rubuta Hausa a waya ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, har idon Bahaushe ya saba ya ga "kasa" ya karanta "ƙasa", ya ga "daki" ya karanta "ɗaki". Wannan sabo yana sauƙaƙa karatu, amma yana nuna cewa ido ba harafi-harafi yake bi ba, abin da yake tsammani shi yake gani. A kan wannan ɗabi'a ta ido mai aron suna ya dogara.

Wata dabarar kuma ita ce a sa sunan gaskiya a farkon adireshi mai tsawo. Alal misali, idan adireshin banki shi ne sunanbanki.com, sai a rubuta sunanbanki.com.gyara-asusu.net. Mai karatu zai fara daga hagu, ya ga sunan bankinsa, hankalinsa ya kwanta. Alhali kuwa sunan shafi daga dama ake tantance shi, tamkar ajami, wato sashen ƙarshe kafin karan tsaye na farko shi ne yake nuna mai shafin. A wannan misali mai shafin shi ne gyara-asusu.net, sauran duk ado ne.

3.3.2 Harshen Wasiƙar

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci ga wannan bincike. Ga samfurin da mai nazari ya tsara da Hausa bisa fasalin ire-iren waɗanda ake aikowa:

"Ya abokin hulɗarmu. Mun lura an yi yunƙurin shiga asusunka daga wata na'ura da ba mu sani ba. Domin kare kuɗinka mun taƙaita amfani da asusun na ɗan lokaci. Latsa nan ka tabbatar da bayananka cikin awa 24, in ba haka ba za a rufe asusun gaba ɗaya. Daga Sashen Tsaro."

Idan aka dubi wannan saƙo za a ga jimloli uku ne suke ɗauke da aikin, kuma kowace da nata. Jimlar farko labarin haɗari ce, an kuma gina ta da "an yi", wanda ba ya bayyana mai aikatawa. Ba a faɗi wane ne ba, ba a faɗi daga ina ba, an bar mai karatu ya cike gurbin da ɓarawon da ke cikin zuciyarsa. Jimla ta biyu ita ce ta fi hikima, domin a cikinta ne kura take yafa fatar akuya. Da "mun" da "domin kare kuɗinka" marubucin ya tsaya a gefen mai asusu, ya zama mai gadi, ɓarawo kuma ya zama wani can na uku. Daga nan duk abin da mai karatu zai yi, a ganinsa gudun sata yake yi. Jimla ta uku umurni ce tare da wa'adi da kuma barazana.

Sai kuma zaɓen kalmomi. Ba a ce "ba mu kalmar sirrinka" ba, domin kowa ya ji haka zai tsaya. An ce "tabbatar da bayananka". Aikatau "tabbatar" yana nuna cewa abin yana hannunsu tun da can, kai dai gaskatawa za ka yi, don haka ba ka ji kamar ka ba da wani abu ba. Haka nan "taƙaita" da "na ɗan lokaci" kalmomi ne masu sanyi irin na ofis, suna sa saƙon ya yi ƙamshin aikin hukuma. Wa'adin awa 24 kuwa aikinsa shi ne hana shawara. Hausawa kan ce gaggawa aikin Shaiɗan, kuma ɗan fatsa ya san cewa idan mutum ya kwana da maganar, ko ya nuna wa ɗansa, ko ya taka zuwa banki, ƙugiyar za ta fito fili.

Ba kullum ake amfani da barazanar rufe asusu ba. Wani lokaci rasit ake aikowa na wani kaya mai tsada da mutum bai saya ba, a ƙasa a rubuta cewa idan ba kai ka yi wannan ciniki ba ka latsa nan ka soke. A nan ma ba a nemi komai ba, taimako aka yi tayi. A ra'ayin mai nazari wannan salo ya fi na farko haɗari, domin fushi da tsoro ne suke haɗuwa, kuma mutumin da yake ganin an zalunce shi ba ya tsayawa duba adireshi.

A da ana koya wa jama'a cewa alamar wasiƙar fatsa ita ce karyayyen Turanci da gaisuwar da ba ta ambaci suna ba. Waɗannan alamomi sun yi rauni. Bayanan mutane da ake sacewa daga kamfanoni sun sa ɗan fatsa yana iya kiran mutum da cikakken sunansa. Sannan tun daga ƙarshen 2022, da manhajojin da ke rubutu da kansu irin su ChatGPT suka shiga hannun kowa, rubuta wasiƙa mai tsabtar nahawu ya daina zama abin wahala ga wanda bai iya harshen ba. Har yanzu kuskuren rubutu alama ce idan an gan shi, amma rashinsa ba shaidar gaskiya ba ne.

3.3.3 Shafin Bogi

Idan mutum ya latsa, sai ya faɗa wani shafi da aka kwaikwayi na gaskiya, da tambari da launi da komai. Kwaikwayon ba wani aiki ba ne, domin kwafe shi ake yi kai tsaye, har ma akwai masu sayar da shiryayyun shafuka ga wanda bai iya ba. Abin da mutum ya rubuta a ciki yana tafiya wajen ɓarawo, sannan a tura shi zuwa shafin gaskiya, ya ɗauka kuskure ya yi, ya sake shiga lafiya lau, bai san an riga an gama da shi ba.

An daɗe ana ce wa mutane su duba hoton kwaɗo a gefen adireshi. Amma kwaɗon yana nuna cewa an rufe hanyar da ke tsakanin mutum da shafin ne kawai, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Da takardar shaidar da ke kawo kwaɗon ta zama kyauta daga wajen 2015, shafukan bogi ma suka sa nasu. A 2023 kamfanin Google ya cire hoton kwaɗon daga burauzarsa ta Chrome, saboda mutane suna yi masa fassarar da ba tasa ba.

3.4 Matakan Tsaro da Iyakarsu

Matakin farko ya shafi ambulan ɗin. An ƙirƙiro hanyoyin da kamfani zai sa wa wasiƙunsa hatimin da kwamfuta take iya tantancewa, ya kuma sanar da masu karɓar imel cewa duk wasiƙar da ta zo da sunansa babu hatimin a jefar da ita. PayPal yana cikin kamfanonin da suka haɗu suka fito da tsarin da ake kira DMARC a 2012, kuma a 2024 Google da Yahoo sun wajabta shi a kan masu aika wasiƙu da yawa. Wannan ya rage aron ainihin adireshi ƙwarai. Sai dai bai hana sayen adireshi mai kama ba. Har wa yau a 2022 an ga wata dabara da ta kewaye shi baki ɗaya. Ɗan damfara yakan buɗe asusun PayPal na gaske, ya yi amfani da shi ya aika wa mutum takardar neman biya, a wurin da aka tanada don ƙarin bayani ya rubuta cewa idan ba ka san da wannan ciniki ba ka kira lamba kaza. Wasiƙar daga kamfanin ta fito, hatiminta na gaske ne, babu abin da zai sa na'ura ta tare ta. Ƙaryar tana cikin maganar da lambar wayar.

Mataki na biyu shi ne ƙara kulle a kan kalmar sirri, wato a aiko wa mutum wata lamba ta waya wadda ake amfani da ita sau ɗaya, wadda jama'a suka fi sani da OTP. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. A watan Disamba na 2022 an shiga asusun PayPal kusan 35,000, ba ta hanyar fasa kamfanin ba, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka samo daga wasu wurare, saboda mutane da yawa kalma ɗaya suke sa wa kowane asusu. Kulle na biyu yana maganin irin wannan. Amma game da fatsa ƙarfinsa ragagge ne, domin wanda ya yarda ya rubuta kalmar sirri a shafin bogi, zai rubuta lambar ma idan aka tambaye shi. Ɓarawon yana zaune a tsakiya, yana karɓa daga hannun mai asusu yana shigarwa a shafin gaskiya kafin lambar ta mutu. Akwai kuma satar layi, inda ake yaudarar ma'aikacin kamfanin waya ko a haɗa baki da shi a mayar da lambar mutum kan wani sim, saƙonnin su koma can.

Abin da ya fi tsayawa shi ne mabuɗin da ba ya bi ta bakin mutum ko yatsunsa. Irin wannan mabuɗi ɗan ƙarfe ne da ake sokawa a kwamfuta, ko kuma wanda yake ajiye a cikin waya ana buɗe shi da zanen yatsa. An ɗaure shi ne da ainihin adireshin shafin, saboda haka idan shafin bogi ya nema ba zai amsa ba, ko da mai shi ya gamsu ɗari bisa ɗari. A 2018 Google ya bayyana cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 amfani da shi a farkon 2017, ba a sami wanda aka ƙwace asusun aikinsa ta fatsa ba. A 2022 an aika wa ma'aikatan kamfanonin Twilio da Cloudflare saƙonnin waya na yaudara iri ɗaya. An shiga na farkon. A na biyun ma'aikata uku sun rubuta kalmar sirrinsu a shafin bogi, amma ɓarayin suka kasa wucewa saboda mabuɗin. Wato ma'aikatan kamfanin tsaron intanet ma sun haɗiyi tanar, abin da ya cece su shi ne tsarin bai dogara ga hankalinsu ba. A shekarar ce Apple da Google da Microsoft suka amince su sa irin wannan mabuɗi a wayoyi da kwamfutoci, PayPal kuma ya fara karɓarsa a watan Oktoba.

Ga wanda bankinsa bai kai ga wannan ba, abin da ya rage ɗabi'a ce guda, kada ya shiga asusunsa ta ƙofar da saƙo ya nuna masa. Idan an ce akwai matsala, ya rufe saƙon, ya buɗe manhajar bankin da kansa, ko ya kira lambar da ke bayan katinsa. Wannan ya fi ƙoƙarin gane wasiƙar gaskiya da ta ƙarya, domin bai bukaci mutum ya fi ɗan damfara wayo ba. Sannan a kula da asusun imel fiye da kowane, tun da ta nan ake aiko hanyar sauya kalmar sirrin sauran.

3.5 Fatsa a Ƙasar Hausa

A Nijeriya tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi ya fara a Legas a 2012, aka ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11 a 2014. Amma abin da ya tura talakawa cikin harkar da ƙarfi shi ne ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi. A watannin nan mai shayi da mai kayan miya da ɗan acaɓa duk sun buɗe asusu a waya, da yawansu ba tare da wani ya zaunar da su ya bayyana musu mene ne sirri a ciki ba.

Mafi yawan waɗannan mutane ba sa duba imel, saboda haka fatsar ta biyo su ta saƙon waya da WhatsApp da kuma kira. Ginin maganar dai bai sauya ba. Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne barazanar rufe asusu ko layi ba baƙon abu ba ne a kunnen ɗan Nijeriya. A Disambar 2020 gwamnati ta umurci a haɗa layukan waya da lambar NIN, a Disambar 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya umurci a haɗa asusu da BVN ko NIN, duka tare da wa'adi. Idan hukuma ta gaskiya tana magana da wa'adi da barazana, ɗan damfara ba ya bukatar ƙirƙirar komai, sai dai ya ari muryarta.

Wani kawun mai wannan nazari, ɗan kasuwar atamfa a Kano, ya gamu da wannan a 2023. An fara aiko masa saƙo cewa BVN ɗinsa yana da matsala. Bai kula ba, domin ba ya karanta Turanci sosai. Da yamma sai aka kira shi da Hausa. Mai kiran ya yi sallama, ya tambayi kasuwa da iyali, yana ta "ranka ya daɗe, Alhaji", ya ambaci cikakken sunansa da bankinsa. Ya ce ba ya son a rufe asusun babban mutum kamarsa ana tsakiyar ciniki, don haka zai gyara masa daga ofis. Ya sa shi ya karanto lambobin katinsa wai don a gwada da na cikin kwamfuta, sannan ya ce za a turo wata lamba yanzu, Alhaji ya karanto masa. Kafin sallar isha kuɗin dila biyu sun fita. Da aka tambaye shi yadda aka yi ya yarda, cewa ya yi: "Yaron nan ya san sunana, ya san bankina, kuma da ladabi ya yi mini magana." A nan gaisuwa da girmamawa su ne suka yi aikin da tambari da launi suke yi a wasiƙar imel.

3.6 Wanda Ke Ɗaukar Asara

Dokar laifukan intanet ta Nijeriya, kamar yadda aka kafa ta a 2015, ta ambaci fatsa a sashe na 32, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun. Sai dai hukunta ɓarawo daban, dawo da kuɗi daban. Kuɗin da aka sata ba sa kwana a asusu ɗaya. Ana rarraba su cikin mintuna zuwa asusun wasu mutane da aka saya ko aka ara, a cire ta wajen masu POS. Shi ya sa sa'ar farko ta fi kowace daraja, wato a kira banki a toshe kati da asusu kafin a tsaya jimami.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wa zai biya idan mai asusu da kansa ya ba da lambar. Birtaniya ta ɗauki wani mataki a kan makamancin wannan. Daga 7 ga Oktoba 2024 an wajabta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam 85,000, matuƙar bai yi mummunan sakaci ba, kuma bankin da kuɗin suka fita da wanda suka shiga su raba asarar biyu. A ganin mai nazari rabin da aka ɗora wa bankin da ya karɓa shi ne hikimar tsarin, domin yana tilasta masa ya san waɗanda yake buɗe wa asusu. Shi kuwa kawun da aka ambata, ya je bankinsa washegari da safe, aka ba shi takarda ya cike. Amsar da ya samu bayan makonni ita ce an yi cinikin da katinsa da kuma lambar da aka aika wa wayarsa, saboda haka a rubuce shi ne ya yi shi.